Fashin baƙi a kan lamba 2,147,483,647

Alƙalumanta goma ne. In za a karanta ta da baki, biliyan biyu ce da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Da mutum zai zauna yana ƙirga ɗaya a kowane sakan, ba barci ba hutu, sai ya shekara 68 da 'yan kwanaki kafin ya iso gare ta. A ido ba ta da wani fasali da zai ja hankali, amma masana lissafi sun shafe kusan shekara 200 suna kai-komo a kanta kafin a san matsayinta, kuma yau tana zaune a cikin kusan kowace waya da kwamfuta.

Duk babbar lambar da aka ajiye a gaban mai lissafi, tambayarsa ta farko ita ce: me ke raba ta daidai, ba saura? Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ake farawa da su. Ƙarshenta 7 ne, saboda haka mara ce, ba cika ba, kuma 5 ba ta raba ta. Jimillar alƙalumanta 46. A raba 46 da 9 saura 1, to ita ma in an raba ta da 3 ko da 9 saura 1 ne. Gwajin 11 kuwa, ana farawa daga dama, a ɗebe a ƙara bi da bi: 7 − 4 + 6 − 3 + 8 − 4 + 7 − 4 + 1 − 2, ya ba da 12, wato saura 1 kuma. A gwada 7, saura 1. A gwada 31, haka. Wannan 1 da ke ta dawowa yana da dalili: lambar da ke ƙasa da ita da ɗaya, 2,147,483,646, ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. A riƙe wannan jerin, za a buƙace shi a gaba.

Irin waɗannan gwaje-gwaje iyakarsu su kawar da ƙananan lambobi. Asirin lambar yana fitowa ne idan aka ƙara mata ɗaya. 2,147,483,648 ita ce 2³¹, wato a jera 2 har guda 31 a ninka su da juna. Ke nan lambar tamu 2³¹ − 1 ce. A ɗauki wata mai kwana 31, a ajiye ƙwayar gero ɗaya ranar farko, biyu rana ta biyu, huɗu ta uku, takwas ta huɗu, kullum ana ninka na jiya. Ranar ƙarshe in aka haɗa duk abin da aka tara, ƙwaya 2,147,483,647 ne cif. A ƙidayar kwamfuta, wadda ba ta san komai ba sai 0 da 1, ana rubuta ta da 1 guda 31 a jere, babu sifili ko ɗaya. Kusan duk abin da ke ƙasa daga wannan siffa ya samo asali.

Lambobin da ke da siffar 2ⁿ − 1 ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa. Abin da ake nema a cikinsu shi ne waɗanda suke firam, wato lambar da ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Sharaɗi na farko: dole n ɗin kanta ta zama firam. Dalilin a bayyane yake a rubutun 0 da 1. A ɗauki 2¹⁵ − 1, wato 32,767, 1 guda goma sha biyar. Ana iya yanka su gida uku biyar-biyar, ko gida biyar uku-uku, don haka 31 da 7 duk suna raba ta: 7 × 31 × 151. Guda 31 kuwa ba sa yankuwa daidai ta kowace hanya. Sai dai a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe, su ɗauka da zarar n firam ce magana ta ƙare. 11 firam ce, amma 2¹¹ − 1 ita ce 2,047, wato 23 × 89.

Manyan masana ma sun faɗa wannan rami. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar a 1588 cewa 131,071 da 524,287, wato 2¹⁷ − 1 da 2¹⁹ − 1, firam ne, kuma ya yi daidai. Daga nan ya ce na 23 da 29 da 31 da 37 su ma haka suke, ba tare da ya gwada ba. Uku daga ciki kuskure ne: 47 na raba na 23, 233 na raba na 29, 223 na raba na 37. Mersenne da kansa ya fitar da nasa jerin a 1644, ya sa 67 da 257 waɗanda ba firam suke bayarwa ba, ya tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda suke bayarwa. Dukansu biyu sun ambaci 31, kuma sun dace, amma dacewa ba hujja ba ce.

Yadda Euler ya rage aikin

Hujjar ta zo ne a 1772 daga Leonhard Euler, a wata wasiƙa da ya aika wa ɗaya daga cikin 'yan gidan Bernoulli. A lokacin yana Rasha, idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Hanyarsa ta cancanci a bi ta daki-daki, domin ɗalibin sakandare mai haƙuri zai iya maimaita ta.

Mataki na farko sananne ne. In lamba tana rabuwa, to ɗaya daga masu raba ta ba zai wuce tushen murabba'inta ba. 46,340 sau 46,340 ya ba da 2,147,395,600, ƙasa da lambar. 46,341 sau kanta ya ba da 2,147,488,281, sama da ita. Saboda haka bincike ya tsaya a 46,340. Lambobin firam da ke ƙasa da nan sun kusa dubu biyar, kuma raba lamba mai alƙaluma goma da hannu sau dubu biyar aiki ne da kuskure ba ya rasa shiga.

Mataki na biyu ya dogara ga wata ƙa'ida ta Pierre de Fermat. A ce wata firam, mu kira ta q, tana raba 2³¹ − 1. Ma'anarsa in ana ninka 2 ana raba wa da q ana riƙe saura, a ninki na 31 saura zai koma 1, kuma tun da 31 firam ce ba zai koma 1 kafin nan ba. Ƙa'idar Fermat ta ce tsawon wannan zagaye dole ya raba q − 1. To q − 1 tana rabuwa da 31, kuma cika ce, don haka tana rabuwa da 62. Duk mai raba lambar dole ya kasance 62 sau wani abu, a ƙara 1. A duba misalan baya za a ga ƙa'idar na aiki: 23 ita ce 22 + 1, 89 ita ce 88 + 1, duka ninkin 22 da ƙarin ɗaya.

Mataki na uku shi ne gwanintar. Idan 2³¹ ta bar saura 1, to 2³² za ta bar saura 2, kuma 2³² murabba'i ce, 65,536 sau kanta. An san cewa 2 ba ta fitowa a matsayin sauran murabba'i sai idan q ta bar saura 1 ko 7 in an raba ta da 8. A haɗa wannan da sharaɗin 62, sai a ga siffa biyu kaɗai suka rage: 248 sau wani abu da ƙarin 1, ko 248 sau wani abu da ƙarin 63. Daga nan zuwa 46,340 akwai 186 na siffar farko da 187 na ta biyu, jimilla 373. Mafi yawansu ba firam ba ne, a zubar da su: 63 da 249 suna rabuwa da 3, 497 ita ce 7 × 71, 559 ita ce 13 × 43. Abin da ya saura bai kai ɗari ba, ya fara da 311, sai 1,303, sai 1,489.

Ga na farko a fili. 311 sau 6,905,092 ya ba da 2,147,483,612; a ɗebe, saura 35. Ko kuma a guje wa doguwar rabawa: 2⁸ ita ce 256, a ninka ta da kanta a raba da 311, saura 226, shi ne na 2¹⁶, a ninka 226 da 256, saura 10, shi ne na 2²⁴, a ninka 10 da 128, 1,280, saura 36. Ana neman 1 aka sami 36, to 311 ta fita. Haka aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta shiga. Lambar ta zama firam ta Mersenne ta takwas, bayan na 2, 3, 5, 7, 13, 17 da 19, kuma ta riƙe kambun firam mafi girma da aka sani har 1867.

Yau ba a bin wannan hanya. Akwai gwajin Lucas da Lehmer, wanda Édouard Lucas ya assasa, ya yi amfani da irinsa a 1876 wajen tabbatar da 2¹²⁷ − 1, Derrick Lehmer ya kammala shi a wajajen 1930. Ana farawa da 4. A ninka lamba da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar Mersenne ɗin, a riƙe saura, a maimaita sau n − 2. In an ƙare a sifili firam ce, in ba haka ba tana rabuwa. Da 127, inda n take 7, zagaye biyar ne: 14, 67, 42, 111, 0. Da 2,047 zagaye tara ne, kuma ana ƙarewa a 1,736. Tamu zagaye 29 kawai take buƙata. Rabawar ma tana da gajeriyar hanya saboda siffar lambar: a zagaye na uku na 127 an sami 4,487, wadda ita ce 35 × 128 da ƙarin 7, sai kawai a haɗa 35 da 7, 42. Da wannan gwaji aka tabbatar da lambar Mersenne wadda n ɗinta take 136,279,841 a watan Oktoba na 2024, lamba mai alƙaluma 41,024,320, ta 52 a cikin firam na Mersenne da aka gano.

Sauran azuzuwan da take ciki, da waɗanda ba ta ciki

31 kanta lambar Mersenne ce, 2⁵ − 1, kuma firam. Wannan ya sa 2,147,483,647 cikin wani ƙaramin aji na Mersenne mai hawa biyu, wanda firam huɗu kacal aka sani a cikinsa: 7, 127, ita, da 2¹²⁷ − 1. Tana barin saura 3 in an raba ta da 4, saboda haka ba za a taɓa rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ba. Tana barin saura 7 in an raba ta da 8, to uku ma ba za su isa ba. Sai huɗu, kuma Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace lamba. Ba ta da tagwaye, wato wata firam da tazarar 2 kacal ke tsakaninsu, domin a ƙara mata 2 a sami 3 × 715,827,883, a rage mata 2 a sami lamba mai ƙarewa da 5. In an ninka ta biyu an ƙara 1 ana samun 4,294,967,295, wato 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537, don haka ba ta cikin ajin Sophie Germain, na firam ɗin da in an yi musu haka suke ba da wata firam.

Ajin da ya fi daɗewa yana jan hankalin masana shi ne na kamilar lamba, wadda in an haɗa masu raba ta, ban da ita kanta, sai a dawo kanta: 6 ita ce 1 + 2 + 3, 28 ita ce 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Lambar tamu ba kamila ba ce, jimillar nata 1 ce tak. Amma tana haifar da kamila. Euclid ya nuna cewa in 2ⁿ − 1 firam ce, a ninka ta da rabin 2ⁿ, abin da ya fito kamila ne. A nan 1,073,741,824 × 2,147,483,647 ya ba da 2,305,843,008,139,952,128, kamila ta takwas, mai alƙaluma 19 da masu raba ta 62. Peter Barlow na Ingila ya rubuta a 1811 cewa da wuya wani ya nemi wadda ta fi wannan, tun da a ganinsa ba su da amfani sai ban sha'awa.

Bangon da manhajoji ke karo da shi

Kwamfuta tana ware wa cikakkiyar lamba gurabe ƙayyadaddu, kowanne 0 ko 1. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne gurbi 32. Gurbin farko yana nuna ko lambar tana ƙasa da sifili, saura 31. A cika waɗannan 31 duka da 1, an sami 2,147,483,647. A ƙara ɗaya, 1 ɗin ya tsallaka gurbin alama, sai lambar ta koma −2,147,483,648. A yaren rubuta manhaja na Java haka take juyawa shiru ba gargaɗi. A yaren C ma ƙa'ida ba ta yi alƙawarin abin da zai faru ba. Kasancewarta firam bai da hannu a nan. Iyakar gurbi 16 ita ce 32,767 da muka farfasa ɗazu, ta gurbi 64 kuma, 9,223,372,036,854,775,807, tana rabuwa da 7 da 127.

Masu rubuta manhaja a Nijeriya suna da wurare biyu da wannan bango ke jiransu. Na farko kuɗi. Daidai ne a ajiye kuɗi da kobo don gudun ɓacewar 'yan canji, amma in gurbi 32 aka ba shi, iyakarsa naira 21,474,836 da kobo 47, kuɗin da mota ɗaya kan wuce. Na biyu lambar waya. Mai farawa da 080 alƙaluma 11 ce. In aka ajiye ta a matsayin lambar lissafi, sifilin farko zai faɗi, abin da ya rage biliyan takwas da wani abu ne, ya ninka iyakar kusan sau huɗu. Rumbun bayanai na MySQL, in ba a tsaurara saitinsa ba, sai ya datse ta ya ajiye 2147483647. Duk wanda ya buɗe teburinsa ya ga mutum ɗari da wannan lamba ɗaya, matsalar ke nan, kuma lambobin asali sun tafi sai an sake karɓarsu. Lambar waya da NIN da BVN ba a tara su ba a ɗebe su, saboda haka a matsayin rubutu ya kamata a ajiye su.

Sai agogo. Tsarin Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, yana ƙirga sakan tun daga farkon 1 ga Janairu 1970. In a gurbi 32 aka ajiye ta, ƙidayar za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, wato 4:14:07 na asuba a Nijeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta ga kanta a 13 ga Disamba 1901. Ba sai 2038 ta zo ba: manhajar da ke lissafin bashi ko haya ta shekara 15 daga yau ta riga ta tsallaka. In kuwa ana ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kwana 24 da awa 20 ne ake cika. In kashi ɗaya cikin ɗari ne, kwana 248 da rabi. A 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin da ke kula da janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya kashe wuta in an bar su a kunne kwana 248 a jere. Ranar 1 ga Janairu 2022 kuma saƙonni suka maƙale a manhajar imel ta Microsoft Exchange, domin an rubuta kwanan wata a matsayin lamba, 2201010001, wadda ta haura iyakar. Duk shekarar 2021 lambar tana farawa da 21, tana shiga. Akwai ma wanda ya fi ɓoyewa: neman tsakiyar lambobi biyu ta hanyar haɗa su a raba biyu. Kowacce tana cikin iyaka, jimillarsu ce ke fita. Maganinsa a ɗebe ƙaramar daga babbar, a raba biyu, a ƙara wa ƙaramar.

Wuri ɗaya ne siffofin biyu suke haɗuwa, kuma a ganinmu shi ne mafi kyawun abin da ke cikin labarin lambar. Kwamfuta na buƙatar jerin lambobi masu kama da na ƙuri'a, don gwaje-gwaje da kwaikwayon yanayi. Hanyar Lehmer ita ce a ɗauki lamba, a ninka ta da wata tsayayyar lamba, a raba da wata babba, saura ya zama ta gaba. In babbar firam ce, jerin zai iya ratsa kowace lamba daga 1 har ƙasa da ita da ɗaya kafin ya maimaita kansa. Ga firam zaune daidai bakin iyakar gurbi 32, ba a yi asarar ko gurbi ɗaya ba. Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawara a 1988 a riƙa ninkawa da 16,807. A fara da 1, a sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073.

Zaɓen mai ninkawar ba a yin sa da ka. In aka ɗauki 2, jerin zai dawo farko bayan taki 31 kacal. A nan ne jerin nan na farko yake aiki: tsawon zagaye dole ya raba 2,147,483,646, saboda haka ana gwada mai ninkawar da kowace firam bakwai da ke cikinta, 2, 3, 7, 11, 31, 151 da 331, a tabbatar zagayen bai rufe da wuri ba. 7 ta ci wannan gwaji. 16,807 ita ce 7⁵, kuma tun da 5 ba ta cikin jerin, ita ma tana ba da cikakken zagaye; 49, wato 7², rabi za ta bayar, domin 2 tana ciki. Abubuwan da ke lalata aikin sanannu ne. In aka fara da sifili, sifili za a yi ta samu. Ninkawar tana fita daga gurbi 32, don haka ko a yi ta a gurbi 64, ko a bi dabarar Schrage ta yin ninkawar ba tare da an fita daga gurbi 32 ba, wadda ta dogara ga cewa lambar ita ce 16,807 × 127,773 da ƙarin 2,836. Kuma ba a amfani da wannan jeri wajen kalmar sirri ko tsaron kuɗi, domin wanda ya ga lamba ɗaya ya san duk na bayanta. Mai son ya tabbatar ya rubuta shi daidai, ya fara da 1 ya juya sau 10,000. In bai ga 1,043,618,065 ba, ya koma ya duba inda ninkawar ta cika ta zube.